Yadda na raba 'ya'yana da rigimar waya a hutun zafi a Jidda

Da aka ba da dogon hutu, zafin Jidda ya hana yarana uku fita da rana, suka koma faɗa a kan wayar mahaifiyarsu tun daga hantsi har la'asar. Kuɗin wuraren wasa na manyan kantuna kuwa ya fi ƙarfina.

Abin da ya fara kawo sauƙi shi ne dara. Na zana gidaje 30 a bayan kwali, layi biyar na gida shida-shida, na ba kowane ɗan wasa 'ya'ya 12, ɗaya ƙwallon dabino, ɗaya murfin gorar ruwa. A rana ɗaya babban ya gane dokar jera 'ya'ya uku a layi, amma ƙaramar ta yi ta kuka idan an ci ta, har sai da na naɗa ta alƙaliya, wanda ban zaci zai yi aiki ba.

Bayan sallar isha'i mahaifiyarsu takan yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, wadda ta gyara musu Hausar da Larabci ya fara rinjaya. Daren Juma'a kuma mukan ɗauki tabarma da shayi mu tafi bakin teku, su kalli maɓuɓɓugar Sarki Fahad, mai feso ruwan teku sama, kyauta.