Yadda ake tsara sashen masu ciwon daji don majiyyaci ya samu natsuwa

Mai ciwon daji ba baƙon yini ɗaya ba ne a asibiti. Wanda aka rubuta wa gashi da na'ura, wato ƙona ƙwayoyin cutar da haske mai ƙarfi, yakan zo sau biyar a mako, wani har mako shida, mai shan kemo kuma, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, yana shafe sa'o'i a zaune ana masa ƙarin ruwa. Saboda haka ginin da za a yi musu dole a tsara shi da tunanin mai zama, ba mai wucewa ba.

Mataki na farko: kafin a ja layi ɗaya a takarda, mai zanen gini da nas-nas su bi sawun majiyyaci da ƙafa, daga ƙofar shiga zuwa wurin kati, ɗakin gwajin jini, ɗakin likita da wurin karɓar magani. Duk inda marar ƙarfi zai hau bene ko ya tsaya a rana, a gyara. Alamun hanya su kasance da hoto da launi, don ba kowa ke karanta boko ba.

Na biyu shi ne wurin jira, kuma a ganina nan aka fi yin sakaci. Maggie Keswick Jencks, wata mai tsara lambuna a Birtaniya, an gaya mata ciwon dajinta ya dawo, sannan aka bar ta a wani lungu marar taga. Daga nan tunanin cibiyoyin Maggie's, masu tallafa wa masu ciwon daji, ya samo asali. Ta farko ta buɗe a Edinbura a 1996, bayan rasuwarta. Teburin kicin ne tsakiyar ginin, kowa ya haɗa shayinsa ya zauna. A wajenmu rumfa mai inuwa, tabarmi ga mai son miƙe ƙafa, da ruwan sha mai sanyi za su yi wannan aikin.

Na uku, ɗakin kemo. Kujeru su fuskanci taga. Binciken da wani masani, Roger Ulrich, ya wallafa a 1984 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyata suna kallon bishiyoyi sun fi masu kallon bango saurin komawa gida, kuma ba su kai su shan maganin ciwo mai ƙarfi ba. A sa labule tsakanin kujeru, da kujerar mai jinya a gefe. Banɗaki ya kasance kusa, kicin kuwa nesa, domin ƙamshin girki kan tayar musu da amai. Iska ta riƙa ratsawa ko babu wuta.

Na huɗu, sutura. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su suka fi kama matanmu, kuma kunya na hana da yawa zuwa da wuri. A ware musu wurin canza kaya mai ƙofa biyu, da ƙaramin ɗaki mai rufuwa inda likita zai faɗi sakamako ba a gaban jama'a ba. Kada a manta wurin alwala da kujerar salla.

Ɗakin gashi dole bangonsa ya zama kankare mai kauri sosai, babu taga, don kada hasken na'urar ya fita waje. Sai a sassauta shi da fitila mai laushi, fenti mai haske, da na'urar magana don majiyyaci ya riƙa jin muryar ma'aikaci.

Na ƙarshe, masauki. Masu zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya ko na Sakkwato daga garuruwa masu nisa sukan kwana a baranda, wasu su yanke magani su koma gida. A sa ɗakunan kwana, murhu da wurin wanki cikin kasafin ginin tun farko.