Yadda ake kai ƙorafi idan ana zargin ana azabtar da yaro a Ingila, da inda aikin ke lalacewa

Yawancin yaran da aka kashe a gida a Ingila, waɗanda aka yi bincike a kan mutuwarsu, ba a ɓoye suke ba. Hukuma ta san da su. Victoria Climbié, 'yar shekara 8 da aka kawo daga Kwaddibuwa, ta mutu a Landan a watan Fabrairun 2000 da raunuka 128 a jikinta, kuma binciken Lord Laming ya gano aƙalla sau 12 aka sami damar ceto ta aka bari ta wuce. Peter Connelly, ɗan wata 17, ya mutu a 2007 bayan likitoci da 'yan sanda da jami'an kula da walwalar yara sun gan shi kusan sau 60. Saboda haka kai ƙorafi kaɗai bai isa ba. Yadda aka kai shi, da yadda aka bi sawunsa, su ne ke raba ƙorafin da aka yi aiki da shi da wanda aka rufe fayil ɗinsa.

Fara da sanin abin da kake kallo. Yaro mai gudu da tsalle ba ya rasa tabo a ƙwauri, gwiwa ko goshi, wannan ba abin tada hankali ba ne. Abin da ke ɗaga wa likitocin yara hankali shi ne kwanciyar jini a wuraren da faɗuwa ba ta cika taɓawa ba: kunne, wuya, ciki, baya, ɗuwawu, kumatu. Jaririn da bai fara rarrafe ba kuwa, duk wani tabo a jikinsa komai ƙanƙantarsa sai an bincika, domin ba shi da hanyar ji wa kansa ciwo. Haka shatin yatsu ko na waya ko na haƙori, da ƙuna mai iyaka a miƙe kamar an sa safa, wadda ke nuna an tsoma ƙafa ne a ruwan zafi. A kula da bayanin da babba ya bayar: in yau ya ce daga gado yaron ya faɗo, gobe ya ce yayansa ne ya buge shi, wannan sauyin shi kansa shaida ne. Yunwa ma alama ce. Daniel Pelka, ɗan shekara 4 da ya mutu a Coventry a 2012, malamansa sun gan shi yana tsintar abinci a kwandon shara, amma uwarsa ta ce wata cuta ce ke sa shi yawan ci, aka yarda da ita.

Idan yaro yana cikin haɗari a wannan lokacin, 999 za ka kira, ba wani wuri ba. Sashe na 46 na Dokar Yara ta 1989 ya ba 'yan sanda ikon ɗauke yaro su killace shi har tsawon awa 72 ba tare da jiran kotu ba. In ba gaggawa ba ce, sai ka kira sashen kula da yara na ƙaramar hukumar da yaron yake zaune, ko layin ƙungiyar kare yara ta NSPCC, 0808 800 5000, inda ana iya magana ba tare da faɗin suna ba. Amma a sani, ƙorafin da ba suna ya fi saurin mutuwa, saboda babu wanda za a koma wa da tambaya.

Kafin ka ɗaga waya, rubuta abin da ka gani. Rana, lokaci, wurin da tabon yake a jiki, girmansa, launinsa, wa ke gidan, da ainihin kalmomin da yaron ya faɗa yadda ya faɗe su. "Ba su kula da yaron nan" magana ce da ba ta ba jami'i abin kamawa. "Ranar Talata da yamma na ga shatin yatsu huɗu a kumatunsa na hagu, na tambaye shi ya kalli ƙofa ya yi shiru" ita ce ke tilasta a tashi. Bayan wayar, aika da saƙon imel mai ɗauke da abin da ka faɗa, ka nemi sunan wanda ya karɓa da lambar ƙorafin. Ƙa'ida ita ce cikin ranar aiki ɗaya su yanke shawarar matakin da za su ɗauka. Idan suna ganin yaron na iya fuskantar mummunar cutarwa, sashe na 47 na Dokar Yara ya wajabta musu bincike, kuma taron kare yaron ya kamata ya zauna cikin ranakun aiki 15.

In yaron ne da kansa ya buɗe maka baki, saurara kawai. Kada ka yi masa tambayar da ke ɗora masa amsa, kamar "babanka ne ya doke ka ko?", domin lauyan wanda ake zargi zai yi amfani da ita ya rushe shari'ar. Kada ka yi masa alkawarin rufe sirri. Kada kuma ka je ka tunkari wanda kake zargi. Kai za ka koma gidanka, yaron ne zai kwana da shi.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne bayan an kai ƙorafin, kuma hanyoyin lalacewar sanannu ne.

Ta farko, babban da ke nuna haɗin kai na ƙarya. Yana buɗe ƙofa da fara'a, gida a share, yana zuwa duk inda aka kira shi. Uwar Peter Connelly ta shafa masa cakulan a fuska don ɓoye raunuka, ta kuma ɓoye cewa akwai maza biyu da ke zaune a gidan. Don haka a cikin ƙorafinka ka ambaci duk wani babban da ke kwana a gidan, musamman sabon saurayi ko sabuwar matar uba, ko da ba a tambaye ka ba.

Ta biyu ita ce ɗaukar ƙorafin dangi a matsayin ƙiyayya. Star Hobson, 'yar wata 16, ta mutu a Keighley a Satumban 2020 bayan dangi da na kusa da su sun kai ƙorafi sau 5; uwar da abokiyar zamanta suka ce ƙin jinin zamansu ne ya sa ake kai su ƙara, aka karɓi wannan bayanin. A shekarar kuma kakar Arthur Labinjo-Hughes ta ɗauki hoton raunukan bayansa a watan Afrilu, jami'ai suka je gidan suka ce ba matsala, ya mutu a watan Yuni. Idan akwai saɓani tsakaninka da iyayen, kai ka fara faɗa da bakinka, sannan ka ce a duba hoton da ranar da aka ɗauke shi, kuma likitan yara ne ya kamata ya duba jikin, ba kallon ido a falo ba. Duk hoton da ka ba 'yan sanda, ka aika wa sashen yara kwafinsa da hannunka. Kada ka ɗauka ofis ɗaya zai miƙa wa ɗayan; rashin miƙawar nan ya bayyana a rahoto bayan rahoto.

Ta uku, rashin ganin yaron shi kaɗai. Tambaya ɗaya da ya kamata ka riƙa maimaita wa jami'i ita ce: an zauna da shi ba tare da iyayen a ɗakin ba? In Turanci ba harshensa ba ne, an kawo tafinta wanda ba ɗan gidan ba? Victoria Faransanci take ji, kuma wadda ke azabtar da ita ce ke yawan magana a madadinta. A kuma sa ido kan yaron da ya ɓace wa jama'a. Makarantar Sara Sharif ta kai rahoton raunuka a Maris ɗin 2023, aka rufe maganar cikin kwanaki, a Afrilu aka cire ta daga makaranta da sunan karatu a gida, a Agusta aka tsinci gawarta a Woking. Cire yaro daga makaranta jim kaɗan bayan ƙorafi sabon dalili ne na sake kira a ranar.

Idan aka ce an rufe fayil, nemi magana da shugaban tawagar, ka sa rashin amincewarka a rubuce, ka sanar da jami'in kare yara na makarantar, wanda kowace makaranta ke da shi, da likitan iyalin. Duk sabon abin da ka gani, sabon ƙorafi ne.

Game da makomar masu kisan a kurkuku, wadda mutane ke yawan tambaya: babu hukuncin kisa a Ingila kan kisan kai tun 1965. Ɗaurin rai da rai ake yi, alƙali ya yanke mafi ƙarancin shekarun da za a yi kafin a fara duba batun saki. Abokiyar zaman uban Arthur, wadda ta kashe shi, ta sami shekara 29, uban Sara ya sami 40. A cikin kurkuku, su ne mafi ƙasƙanci a idon sauran fursunoni, shi ya sa ake ware su a ɓangaren masu buƙatar kariya, ko a keɓe su ƙarƙashin ƙa'ida ta 45 ta dokokin kurkuku. Duk da haka ana kai musu hari. An yanki Ian Huntley, wanda ya kashe 'yan mata biyu ƙanana, a wuya a kurkukun Frankland a 2010, an kashe Subhan Anwar, shi ma mai kisan ƙaramar yarinya, a kurkukun Long Lartin a 2013, waɗanda suka kashe shi kuma aka yanke musu ɗaurin da babu fita. Ba mu ganin wannan a matsayin adalci: gazawar tsaro ce, kuma ba ta canza komai ga yaron da aka binne.

Hanyar da doka ta buɗe wa wanda yake ganin hukunci ya yi sauƙi ita ce rubuta wa ofishin Babban Lauyan Gwamnati cikin kwana 28 da yanke hukuncin. Kowa na iya rubutawa, ba sai dangi ba, kuma buƙata ɗaya ta isa a duba. Ta wannan tsarin ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara wa uban Arthur ɗauri daga shekara 21 zuwa 24 a 2022. Dangin mamaci kuma suna da damar shiga tsarin tuntuɓar waɗanda aka zalunta, a riƙa sanar da su idan batun saki ya taso, su gabatar da bayaninsu, su nemi a hana mai laifin shiga yankin da suke zaune.