Yadda malamin firamare zai riƙe aji mai cunkoso, ya kuma jawo iyaye a jiki

Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a ajin firamare. Amma duk wanda ya san makarantun gwamnati a Kano, Katsina, Sakkwato ko Bauchi ya san aji ɗaya kan ɗauki ninkin haka, wani ma ya haura ɗari, wasu a kan benci, wasu a ƙasa. A irin wannan aji, tsawa da bulala ba sa kai malami ƙarshen zango, muryarsa ce za ta dushe tun a mako na uku. Abin da ke riƙe aji shi ne tsarin da yara suka maimaita har ya zame musu jiki, da iyayen da suka san malamin 'ya'yansu tun kafin wata matsala ta taso.

Makonni biyu na farko

Kada ka ji ɓacin rai idan darasi bai yi nisa ba a waɗannan kwanaki. Aikinka a lokacin shi ne koyar da yadda ake zama a aji, kamar yadda za ka koyar da lissafi.

Fara da wurin zama. Ka bar hanya a tsakiya, mai faɗin taku biyu, wadda za ta kai ka har bangon baya. Inda ƙafar malami ba ta zuwa, nan surutu da tsunguli suke zama. Gajeru su zo gaba. Ka rubuta haruffa biyar a allo, ka sa yara su karanta daga baya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke ƙanƙance ido, ko yake juyo da kunne guda idan ana magana, ka dawo da shi layin farko, ka kuma rubuta sunansa domin iyayensa su sani. Yara da yawa da ake kira daƙiƙai, allon ne ba sa gani.

Sai ka raba ajin rukuni-rukuni, yara takwas zuwa goma, kowane rukuni da sunansa da shugabansa. Shugaban rukuni ne zai karɓi littattafai ya raba, shi zai faɗi wanda bai zo ba. Kiran suna 90 ɗaya bayan ɗaya yana cin kusan minti shida ko bakwai, kuma a cikin mintocin nan saura ba su da abin yi. Idan shugabanni tara suka tashi suka faɗi waɗanda babu, ka cike rajista cikin minti biyu. Ka riƙa sauya shugabanni duk bayan mako biyu, mata da maza, har da yaron nan mai ƙiriniya, domin sau da yawa abin da yake nema ke nan: a ba shi wani aiki a hannu.

Ka zaɓi alama guda ta neman shiru, kada ka sauya ta. Misali, ka tafa sau uku, su amsa da tafi biyu, su naɗe hannu, su dube ka. A rana ta farko a gwada ta sau goma, har da raha. Sharaɗin da ke sa ta yi aiki shi ne kada ka furta ko kalma ɗaya sai ajin ya yi tsit. Ranar da ka soma bayani a kan hayaniya, ka koya musu cewa alamar wasa ce. Haka za a gwada shiga aji a layi, fita tara, neman izinin fitsari (mutum ɗaya a lokaci guda, da wani ɗan katako da zai riƙe ya dawo da shi), da feƙe fensir kafin darasi, ba a tsakiyarsa ba.

Dokokin aji kada su wuce biyar, kuma su faɗi abin da za a yi: ɗaga hannu kafin magana, hannu da ƙafa kowa ya riƙe nasa, a nemi izini kafin taɓa kayan wani. Ka rubuta su da Hausa a kan kwali, da zane ga 'yan aji ɗaya da ba su fara karatu ba.

Inda surutu ke fitowa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewar bango a aji ita ce jira: yara na zaune malami na cika allo da rubutu ya ba su baya, ko yana duba littafin yaro ɗaya sauran tamanin suna kallon silin. Saboda haka ka rubuta abin da za ka rubuta kafin su shigo, ko lokacin tara. A kusurwar allo a ajiye ɗan aikin da kowa zai fara da zarar ya zauna, kamar lissafi uku ko kalmomi biyar.

Darasin minti 35 ana iya yanka shi haka: minti biyar na bitar jiya, goma na sabon abu da misali a allo, goma sha biyar yara na yi da hannunsu kai kuma kana zagayawa, biyar na gyara tare. 'Yan aji ɗaya da biyu ba sa iya sauraron bayani na minti goma a jere, sai an tsinka shi da waƙa, tafi ko tashi tsaye. Umarni kuwa ɗaya-ɗaya ake bayarwa. Ka ce, "Ku buɗe shafi na goma sha biyu," ka jira a buɗe, sannan ka faɗi na gaba. In ka tambaya "Kun gane?" za su amsa "Eh, Malam!" da ƙarfi ko ba su gane komai ba. Gara ka ɗaga yaro daga layin baya ya faɗi abin da aka ce a yi.

Amsar taron dangi tana ɓoye waɗanda aka bari a baya. Ka sa kowa ya rubuta amsa a ƙaramin allo ko bayan littafi ya ɗaga sama, nan take za ka ga wanda ke kwafe. Yaron aji huɗu da bai iya haɗa baƙi da wasali ba dole ya yi surutu, domin darasin ba da shi ake yi ba. Ka gwada kowane yaro na minti ɗaya: harafi yake ganewa, gaɓa, kalma, ko yana karanta jimla? Sai ka ware rabin awa a kullum a zauna bisa wannan matakin, ba bisa shekaru ba. Marafan kwalba da tsinken tsintsiya sun isa kayan ƙidaya.

Duba littattafai ma yana da lissafi. Littafi 90, minti ɗaya kowanne, awa ɗaya da rabi ke nan a darasi guda. Ba zai yiwu ba. Ka zagaya da jan biro lokacin da suke aiki, sannan ka karɓi na rukuni biyu kowace rana, ta yadda kowane yaro zai ga hannunka a littafinsa sau ɗaya a mako.

Horo

Tsawatarwa hawa-hawa ce, kuma mafi yawan laifi a matakin farko yake mutuwa. Ka dubi yaron ba tare da ka daina bayani ba. In bai bari ba, ka taka ka tsaya kusa da shi. Sai kiran sunansa a hankali, sai sauya masa wurin zama, sai magana da shi kai da shi lokacin tara. Hedimasta da iyaye suna can ƙarshe. Malamin da ya fara da matakin ƙarshe ba shi da sauran abin yi gobe.

Hukunci ya dace da laifin. Wanda ya zubar da shara ya share, wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi ya ba da haƙuri, wanda ya ɓata lokacin aiki ya ƙarasa shi a minti biyar na farkon tara. Bulala, tsallen kwaɗo, kamun kunne da durƙuso a rana suna sayo shiru na ɗan lokaci, amma ba sa koya wa yaro abin da ya kamata ya yi, kuma tsautsayi ɗaya a ido ko dodon kunne ya isa ya nakasa yaro ya kuma raba malami da aikinsa. Mai amosanin jini kuwa, tsayuwar rana da ƙishirwa kaɗai na iya tayar masa da ciwo. Zagi da laƙabi irin su "daƙiƙi" sun fi bulala daɗewa a jiki, domin 'yan aji za su ɗauka su bi shi da shi har unguwa. Kada ka hukunta aji gaba ɗaya saboda mutum uku, kuma ka daina ba monita takarda ya rubuta masu surutu. Ƙarshenta abokansa ba sa shiga, wanda ya hana shi ɗanwake shi ke shiga.

Yabo kuma a faɗi dalilinsa: "Rukunin su Hadiza sun buɗe littafi tun kafin in gama ƙirga biyar." Sauran za su yi koyi ba tare da ka ce musu komai ba.

Masu makara, a tambayi dalili tukuna. Wani ɗebo ruwa ya je, wani daga makarantar allo yake, wata sai ta sayar da koko ko ƙosai kafin ta sa yunifom. Dukan su a bakin ƙofa yana koya musu cewa in an makara gara a yi fashi. Ka bar su su shigo shiru su zauna, ka rubuta, maganar kuma da gida za a yi ta.

Iyaye

Nan ne malamai da yawa ke yin sakaci, sai an fasa wa wani kai sannan a nemi uba. Uban da kiran farko da ya samu daga makaranta na ƙara ne, da shirin faɗa zai zo. Ka riga matsala isa gidan. A wata na farko ka sa wa kanka gida biyar a mako, ta waya ko a ƙofar gida, ka faɗi abu ɗaya mai kyau na gaskiya game da yaron, ba ka neman komai.

Don haka kana buƙatar littafi dabam da rajista. A ciki ka rubuta sunan da ake kiran yaro a gida, domin wanda ka sani da Muhammad Sani ƙila unguwa duk Abba ta san shi. Ka rubuta sunan da aka san uban da shi da sana'arsa, unguwa, lambar waya, wanda ke riƙon yaron (kaka ce, gwaggo ko kawu), da wata lalura idan akwai, kamar farfaɗiya ko asma. Wannan littafi sirri ne, ba a barin sa a kan tebur.

Takardar gayyata ta hannun yaro ba ta cika isa ba, musamman idan ya san ƙararsa ce a ciki, kuma akwai iyayen da ajami suke karantawa ba boko ba. Kira ko saƙon murya a WhatsApp ya fi. Lokaci ma a duba: ba ranar kasuwar garin ba, ba safiyar damina da kowa ke gona ba. Bayan la'asar ko safiyar Asabar ta fi tara mutane. Malami namiji ya yi sallama da maigida a zaure. Maganar da ta shafi uwa, kuma galibi ita ke riƙe da batun talla, wanka da kumallo, a tura malama ko wata daga ƙungiyar iyaye mata. Idan ka yabi yaro ka ga uwar ta kau da kai ko ta ƙi kama sunansa, ba rashin kulawa ba ne, wataƙila ɗan fari ne, alkunya take yi.

In zaman na matsala ne, a yi shi a keɓe, ba a gaban aji ba, kuma a cika gaisuwa kafin komai: gida, iyali, kasuwa. Ka kira shi Malam ko Alhaji, ita kuma Hajiya ko Maman wance. Fara da alherin yaron, sannan ka kawo abin da ka gani da ranakunsa. "Audu ba ya ji" zargi ne, uba zai kare ɗansa ko ya je gida ya jibge shi. Amma in ka buɗe rajista ka ce, "Alhaji, a wata guda Audu ya yi fashi sau shida, duk ranar Laraba da Alhamis, ko akwai abin da ke riƙe shi?" ka ba shi abin da zai amsa. Daga nan ka yi shiru ka saurara. Ku rabu a kan abu ɗaya da gida zai yi, abu ɗaya da kai za ka yi, da ranar da za ku sake magana, kamar bayan mako biyu. Ka cika wannan alkawarin ko da labarin mai daɗi ne.

Wani uban zai ce, "Malam, ku dake shi, na ba ku wuƙa da nama." Ka gode masa da amanar, ka nemi abin da ya fi duka amfani: ya riƙa cewa a kawo masa littafin kowane dare. Ko bai iya boko ba, zai ga kwanan wata da jan biro, yaron kuma zai karanta masa layi biyu da ƙarfi. Wani kuma zai shigo da zafi saboda abin da ɗansa ya faɗa masa. Kada ka yi musu a tsaye a gaban yara. Ka ba shi kujera a ofishin hedimasta, ka bar shi ya gama, in kuskure naka ne ka amsa shi kai tsaye.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye sa yara a makaranta na shekara tara kyauta, amma karanta wa uba doka ba ya dawo da yarinyar da aka cire. Idan yaro ya yi kwana uku a jere babu labari, ka aika ko ka kira. In ya kai mako biyu, ka sanar da hedimasta a kai maganar ga kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, inda akwai wakilan masu sarauta, malaman addini da mata, domin maganar mai unguwa ko liman tana shiga inda taka ba ta kai ba. Ga yarinyar da talla ke riƙewa, abin da ya fi samuwa shi ne a roƙi uwar ta mayar da tallar bayan an tashi. Kuɗi kuwa, ko na alli ne ko na tsintsiya, kada ya bi ta hannunka. A yanke shi a taron PTA, wato ƙungiyar iyaye da malamai, ma'aji ya karɓa, a rubuta, a karanta lissafin a taro na gaba.