Kada a rufe abin da sifeto bai gani ba

Aikina kula da gine-gine ne, kuma babu abin da ke ƙona min rai kamar in ga mai gida ya gama fenti, ya sa tayil, sannan ya fara neman wanda zai sa masa hannu a takardar shaidar kammala gini. A lokacin duk abin da ke riƙe da gidan ya riga ya shige ƙasa ko cikin bango, ba mai iya ganinsa.

Ka fara da izini. Kai zanen gidan da lissafin injiniya ga hukumar da ke kula da gine-gine a inda filinka yake, ka jira amincewarta a rubuce kafin a haƙa rami. Tun a ranar ka nemi jerin matakan da sifeto, wato jami'in hukumar mai duba gini, zai zo dubawa, don kowace ƙasa da tsarinta. Ka maƙala jerin a wurin aiki, magini ya riƙa ganinsa.

Harsashi shi ne inda nake so ka fi sa ido. Idan an gama haƙa, an jera rodi, a dakata. Kada a zuba kankare sai sifeto ya duba zurfin ramin, irin ƙasar da aka tarar, kaurin rodi da tazararsu. Kai ma ka sunkuya ka leƙa: rodi bai kamata ya kwanta a kan ƙasa ba, ana ɗaga shi ne da 'yan guntayen kankare domin siminti ya lulluɓe shi ta ko'ina. Rodin da ya taɓa ƙasa tsatsa zai yi, tsatsa kuma kumbura take har ta fasa kankaren daga ciki. Magini zai ce maka an riga an kwaɓa, jira asara ce. Ka tsaya kan bakanka. Ranar zubi a ɗebi samfuri a 'yan akwatuna masu milimita 150, a gwada ƙarfinsu a kwana 7 da kwana 28, domin a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin kankare. A riƙa ba kankaren harsashin ruwa aƙalla mako guda.

Haka za a jira sifeto ya duba ledar hana danshi, linta, dekin da katakon rufi kafin a rufe su. Bututun ƙazanta a gwada shi da ruwa kafin a mayar da ƙasa. Mai wayarin ya ba ka takardar gwaji da ke nuna cewa an haɗa wayar ƙasa, wato wadda ke zubar da wuta cikin ƙasa in an samu matsala, kuma na'urar yanke wuta tana aiki.

In ka sauya ra'ayi, ka ce a ƙara ɗaki ko bene, a mayar da zane hukuma tukuna. Kada ka dogara da cewa za a daidaita daga baya. A 2018 Turkiyya ta yi wa gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida afuwa, suka samu takarda ba tare da an ƙarfafa su ba. Girgizar ƙasar Fabrairun 2023 ta hallaka mutum fiye da 50,000 a ƙasar.

Kowane mataki ka ɗauki hoto da awo a jikinsa, ka adana rahoton sifeto da sakamakon gwaji a fayil ɗaya. Da shi za ka nemi dubawar ƙarshe, kuma shi banki, kamfanin inshora ko mai saye za su tambaya. Kada ka biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai takardar shaidar kammala ginin ta shigo hannunka.