Yadda ake gane ko ƙungiyar zaman lafiya ta isa a buɗe mata shafi a Wikipedia

Rannan muna shan shayi a fada, wato majalisarmu ta hira, a unguwar Zango da ke Zinder, wani ƙanena ya miƙo mini wayarsa: "Yaya, don Allah ka sa mana ƙungiyarmu a Wikipedia." Ƙungiyar sasanta matasa ce, masu shiga tsakani idan 'yan palais, wato 'yan daban unguwanni, sun tasar ma juna, kuma na ga aikinsu da idona. Ya nuna mini takardar izini daga ma'aikatar cikin gida, da hotunan taro, da shafinsu na Facebook. Na ce masa duk cikin nan babu abin da zai hana a share muƙalar. Ga yadda nake aunawa kafin in fara rubutu.

Da farko ka ture duk abin da ƙungiyar ta faɗa game da kanta: shafinta, sanarwarta, rahotonta na shekara. Takardar izini shaida ce cewa ƙungiyar tana nan, shi ke nan. Wikipedia tana neman abin da mutanen waje suka rubuta a kanta bisa raɗin kansu.

Sai bincike. Nemi sunan da Faransanci da Hausa, cikakkensa da taƙaitaccensa, ka haɗa da "Zinder" sannan da "Damagaram". Duba jaridar Le Sahel, kamfanin dillancin labarai na ANP, Studio Kalangou, da sassan Hausa na RFI, BBC da DW. Ka leƙa kuma rubuce-rubucen malaman Jami'ar André Salifou da ta Abdou Moumouni a Yamai. Ba dole majiya ta kasance a intanet ba. Littafi ko jaridar takarda ta isa, muddin ka kawo suna, rana da shafi.

Aikin gaske yana wajen tace abin da ka samo. Kowace majiya ka yi mata tambaya uku: wa ya rubuta, mene ne tsakaninsa da ƙungiyar, kuma layi nawa ya ba ta? Mafi yawan abin da za ka samu irin wannan ne: an buɗe taron horo na kwana uku, wakilin gwamna ya yi jawabi, an ɗauki hoto. Ƙungiyar ce ta gayyaci ɗan jaridar, wataƙila har da kuɗin mai. Wannan labarin yau da gobe ne, ba ya shiga lissafi. Hira da shugaban ƙungiya ma bakinta ne ya yi magana. Rahoton masu ba ta kuɗi kuwa, ai mai tuwo ba ya kushe miyarsa. In jaridu biyar suka kwafi labari guda daga ANP, majiya ɗaya ke gare ka. Abin da ake so shi ne rubutun da ya tsaya a kan ƙungiyar, ya faɗi asalinta, rikicin da ta shiga, abin da ya biyo baya, har da masu sukarta in akwai.

Kada hoto da manya ya ruɗe ka. Kai gaisuwa fadar Sarkin Damagaram, ko yin aiki tare da wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ya ɗora wa ƙungiya shaharar waɗancan. Gwada ta da Interfaith Mediation Centre ta Kaduna, cibiyar sasanta Musulmi da Kirista, wadda Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka kafa: 'yan jarida da masana na ƙasashe daban-daban sun yi shekaru suna rubutu a kanta. Ko HACP, hukumar ƙarfafa zaman lafiya ta nan Nijar, wadda tushenta ke komawa ga yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995. Irin waɗannan ba a wahalar samo musu manazarta.

Akwai abin da ke ci mini rai a nan. Sulhu a garinmu a zaure ake yinsa, labarinsa kuma a rediyo ake jinsa, iska ta tafi da shi. Shirin da ba a ajiye shi inda wani zai iya sake saurara ba, da wuya ya tsaya a matsayin hujja. In ka ji an yi shiri a kan ƙungiyar, rubuta sunan shirin da ranar, ka bincika ko tashar ta adana shi.

Yanzu ƙirga. Majiyoyi biyu ko uku masu zaman kansu, kowace ta yi bayani mai tsawo, to bismillah, fara a shafin gwaji. In ɗaya ce, ka sa jimla guda a muƙalar da ta dace, ka dakata. In kai ɗan ƙungiyar ne ka bayyana haka, in biyanka aka yi kuwa dokar Wikipedia ta tilasta ka faɗa.

Na ƙanen nawa, da muka tace, labari ɗaya ya rage, shi ma sunansu kawai aka ambata cikin jerin waɗanda suka halarci taro. Ya ce, "Yaya, wato mu ba kowa ba ne?" Na zuba masa shayi na biyu, na ce ya fara ajiye duk jaridar da ta taɓo su, da ranarta.