Soriyasis da hunturun Garwa: yadda nake lallaɓa nawa

Soriyasis ciwon fata ne, amma ba makero ba ne, ba ƙazuwa ba ce, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa wajen gaisawa ko cin abinci kwano ɗaya. Garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, fatar da ya kamata ta sabunta cikin kusan wata guda sai ta yi cikin 'yan kwanaki, ta taru ta yi ɓawo. A baƙar fata irin tamu tabon duhu yake yi, da fari-farin ɓawo a sama. Ni makitsiya ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, nawa a ƙeya da gwiwar hannu yake zama. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma yana kwanciya, kuma da hannunki 'yar'uwa za ki iya kwantar da shi ko ki tsokano shi.

Shirina daga Oktoba yake farawa, kafin iskar hunturu ta busar da jiki. Ruwan wanka mai ɗumi kaɗan, ba mai turiri ba, sabulu marar turare, kuma a ajiye soso da dutsen goge kaushi. Da na fito, tun jiki da danshi, nake shafa man kaɗanya ko basilin. In kin bari sai kin gama ɗaura ɗankwali da shan shayi, kin makara. Da dare ina ƙara cika wa tabon mai in rufe da tsumma mai laushi, da safe ɓawon ya yi taushi ya zube da kansa. Kar a ɓamɓare shi da farce.

Abin da na fi so a ji shi ne batun rauni. Duk inda fata ta ji ciwo, sabon tabo na iya fitowa a wurin bayan mako biyu ko fiye. Susa rauni ce. Ƙahon wanzami da tsaga, da ake yi wai a fitar da mugun jini, su ma haka. A sana'ata kuwa, kitso mai ɗaurin tsiya da man miƙar da gashi mai ƙuna sun fi kowa laifi. Mai irin wannan kai, manyan kalaba nake yi mata sakwa-sakwa, ba na kankare mata kai da tsinken tsifa ko ta roƙe ni.

Idan ciwon ya tashi, likita kan rubuta man shafawa irin su betamethasone ko clobetasol. Suna aiki sosai, amma kaɗan ake shafawa, a kan tabon kawai, na 'yan makonni, ba a fuska ba. Irinsu ne ake zubawa a man bilicin na kasuwa, shi ya sa wata za ta ce ya yi mata magani, daga baya fatarta ta yi sirara ta tsattsage. Allurar kotizon da ƙwayarsa, dangin waɗannan mayukan, sun fi ba ni tsoro: jiki ya yi sumul, ana dainawa ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Kulorokwin da wasu magungunan hawan jini ma suna tayar da shi, don haka ki faɗa wa likita kina da soriyasis, amma kar ki yanke maganin hawan jini da kanki.

Taba, giya, ƙiba da yawan damuwa duk suna rura shi. A yara, ciwon maƙogwaro kan haifar da ƙananan ɗigo a jiki. Hantsi kaɗan na taimakawa, ban da ranar tsakar Afrilu ta Garwa, wadda ƙuna kawai za ta ƙara miki.

Kar a zauna gida idan gaɓoɓi na sanƙarewa da safe ko yatsa ya kumbura, domin ciwon kan shiga gaɓa ya lalata ta. Idan ya mamaye jiki farat ɗaya, a yi gwajin ƙanjamau. Ƙuraje masu ruwa da zazzaɓi kuwa, ranar za a tafi asibiti. Wadda aka ba methotrexate, maganin da likita kan bayar idan ciwon ya yi tsanani, ta riƙe cewa sau ɗaya a mako ake sha, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta kusantarsa.