Yadda ake cire tabo a kantar kicin ta kwaz ba tare da an kashe mata sheƙi ba

Masu sayar da kwaz kan ce ba ya kama tabo, kuma da ɗan gaskiyarsu. Kwaz ɗin da ake shimfiɗawa a kantar kicin ba yankakken dutse ba ne irin mabul ko giranit. Garin dutsen kwaz ne, wajen kashi 90 zuwa 93 cikin ɗari, ake cuɗa shi da ƙaron roba da launi, a danne a inji, a gasa. Kamfanin Breton na Italiya ne ya fito da dabarar, su Caesarstone da Silestone kuma suka yi suna da ita. Ƙaron ya toshe duk wata kafa, shi ya sa ruwa da mai ba sa ratsa shi. Sai dai ƙaron nan shi ne lagonsa: zafi na ƙona shi, sinadari mai ƙarfi na cin sa, rana na sa shi ya yi rawaya. Sau da yawa abin da aka ɗauko don gogewa ya fi miyar da ta zube ɓarna. Don haka uwargida, ki fara da abu mai sanyi, sai ya gaza ki ƙara ƙarfi.

Mataki na 1: Ki gane abin da ke gabanki. Ki jiƙa wurin, ki shafa da yatsa, ki duba shi ta gefe inda haske ke faɗowa. In akwai launi amma wurin na nan da santsi da sheƙinsa, tabon a sama yake, zai fita. In kuwa wurin ya dusashe, ko ya yi fari-fari, ko kika ga zobe ruwan ƙasa daidai gindin tukunya, ƙaron ne ya ƙone. Wannan guga ba ta gyara shi, sai ma ta faɗaɗa shi.

Mataki na 2: Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, da tsumma mai laushi. Ki bar kumfar a kan tabon kamar minti biyar kafin ki goge. Shayi, kofi da romon tumatir da ba su kwana ba, a wannan matakin suke fita. Abin da ya bushe ya manne, kamar ƙullun ƙosai ko tuwo, ki jiƙa shi ki kankare da tsohon katin ATM. Kada ki sa wuƙa ko soson ƙarfe.

Mataki na 3: Manja da maiƙo. Ki fara tsane man da takarda, kada ki shafe shi ya bazu. Sannan ki ɗiga sabulun wanke-wanke zallansa, ki ɗan murza, ki bar shi, ki ɗauraye. In jan manja ya bar inuwa a farar kanta, ki wuce mataki na gaba.

Mataki na 4: Masu taurin kai, wato kurkur, kori, zobo da lalle. A nan ne aka fi ɓata kanta saboda gaggawa. Ki kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan ya yi kauri kamar man goge baki, ki shafa a kan tabon, ki bar shi minti goma zuwa sha biyar, ki goge a hankali da jiƙaƙƙen tsumma. Za ki ga abin mamaki: rawayan kurkur yakan koma ja da zarar sodar ta taɓa shi, zobo kuma ya yi duhu. Kada hankalinki ya tashi, halin launin ne in ya haɗu da soda, ba kantar ce ta lalace ba. In da saura, ki ɗiga farin sifirit irin na kemis a auduga ki dangwala, domin launin kurkur yana narkewa a cikinsa. Haka ake yi wa tawadar biro da ta alƙalamin maka. Ki gwada tukuna a wani lungu da ido ba ya kai wa, kuma ki nisanta sifirit da wutar gas. Lalle dai, a ganina, a ƙunsa shi a tsakar gida ya fi, don in ya kwana a kan farar kanta sai an maimaita aikin sau da dama.

Mataki na 5: Farin tabon ruwa. Gidajen da ke shan ruwan rijiya ko burtsatse sun san shi, farin zobe a gindin famfo da gefen wurin wanke-wanke. Ki haɗa kal da ruwa daidai wa daida, ki shafa, minti biyu ko uku ya isa, ki ɗauraye sosai. Kada ki bar kal ko lemon tsami su kwana a kai. Layin toka-toka da gindin tukunyar alminiyum ke bari ma ba karce ba ne, ƙarfen ne ya goga, kwaɓin bekin soda na ɗauke shi.

Mataki na 6: Ɗauraya da tsanewa. Kowane mataki kika bi, ki ƙare da ruwa mai tsabta da busasshen tsumma. Kantar da ake cewa ta daina ƙyalli, sau tari ragowar sabulu ce ta taru a kanta.

Akwai abubuwan da bai kamata su hau kantar ba. Bilic irin su Hypo da Jik zallansu, sodar haɗa sabulu, maganin buɗe magudana, maganin wanke oben, tina ta fenti. Jiƙon kanwa ma in ya zube a goge nan take. Kada kuma a taɓa haɗa bilic da kal, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Zafi kuwa ya fi duka saurin ɓarna. Ƙaron yakan fara lalacewa a wajen maki 150 na Salsiyus, kuma kaskon da aka sauke daga suya ya wuce haka. Ki ajiye katako ko faifai mai kauri kusa da murhu, hannu ya saba kai tukunya can. Zafin farat ɗaya na iya tsaga kantar, musamman a kusurwar inda aka huda don murhu ko wurin wanke-wanke. Saboda wannan raunin ne ma ba a daka a turmi a kanta, ba a kuma taka ta don ɗauko kaya a sama. Yanka a kan katako za ki yi, in ba haka ba wuƙarki ce za ta dakushe.

In wurin ya riga ya ƙone ko ya ɓalle, ki kira waɗanda suka saka kantar. Ki tabbatar in za su yanka ko su goge da inji, da ruwa za su yi, da takunkumin kirki, yara kuma a fitar da su. Ƙurar kwaz na jawo ciwon huhu da ba ya warkewa, abin da ya sa Ostareliya ta haramta sarrafa irin wannan dutse daga ranar 1 ga Yuli, 2024. Kantar da ke zaune lafiya a kicin ba ta da wannan haɗari, a wurin yanka da guga yake.